Baƙin babur ɗina da saƙon da aka kawo mini

Shekarun baya masu nisa, tun anasara na mulkin ƙasar nan, na taɓa mallakar babur. Yanzu in na faɗi haka sai a dube ni a yi murmushi, don a yau ko mai tallan ƙanƙara yana da nasa. Amma a wancan lokaci, daga Madarumfa har Ɗan Issa, in ka ji ƙarar moto, yadda muke ce masa, to ko dai wani babba ne ya fito daga Maraɗi, ko kuwa ni ne.

Ni ɗan masunta ne. Gidanmu gab da tabki yake, in ruwa ya cika har gindin dangarmu yake zuwa. Kuma ni ne ɗan fari. A zamaninmu uba ba ya zama da ɗan farinsa su yi hira. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, "yaron nan" yake cewa, shi ma sai ta kama dole. Mahaifiyata ta fi shi kunya, in na shigo ta ƙofa sai ta sami abin yi a bayan rumbu. Kakata ce ta raine ni, da ta rasu sai na zama kamar baƙo mai daraja a gidanmu: ana ajiye mini tuwo mai kyau, amma ba mai tambayata yadda na kwana.

Duk abin da baba ke so in ji, sai ya faɗa wa wani ya kawo mini. Mafi yawa abokina ne ke ɗaukar saƙon. Tare aka yi mana kaciya da shi, tare muka koyi iyo a kan gora, akushi ɗaya muke ci tun muna tsirara. Shi baba yana wasa da shi, yana tsokanarsa, har ya ba shi goro. In zan faɗi gaskiya, nakan tsaya daga nesa in ji suna dariya, in ji kishi ya kama ni. Amma ban taɓa zarginsa ba. Bakinsa bakin babana ne a wurina.

Da na tasa sai na tafi cin rani Maraɗi, na sami aiki a garejin wani kamfanin sayen gyaɗa. Aikina wanke kamiyo, wato manyan motocin kaya, da miƙa wa makanikai kayan aiki. A bayan shagon akwai wani baƙin babur jingine da bango, tayoyi a sace, kaji har ƙwai suke yi a ƙarƙashinsa. Na wani tsohon anasara ne mai awon gyaɗa, ya mutu masa tun kafin in zo. Kullum in na ci abinci sai in je in zauna kusa da shi ina kallo. Da na ji tsohon zai koma ƙasarsu, sai na yi ƙarfin hali na tare shi na tambaye shi. Ya dube ni, ya dubi babur ɗin, ya yi dariya har da tari, ya ce in zan iya janye shi daga wurin to na rage masa shara.

Na fi shekara ina fama da shi. Babban makanikin garejin yakan nuna mini abu in ya ga dama, in bai ga dama ba ya kore ni. Na bi ayarin 'yan gyaɗa har Katsina don neman sarƙa. Wani maƙeri ya ƙera mini ƙarfen taka birki, ya ce bai san me yake ƙerawa ba amma Allah ya sa albarka. Sirdin kuwa baduku ya ɗinka mini da jar fatar akuya. Ranar da ya tashi, na taka shi har ƙafata ta kumbura, sai ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Na tsaya ina kuka a gaban ƙartin gareji, hayaƙi na shiga mini hanci, ban ma ji kunya ba.

Ranar da na shigo Madarumfa a kansa, mata sun kwashe 'ya'yansu, jakai sun tsinke igiya. Ni kuma garin ɗaga wa mutane hannu na afka cikin dangar wani maƙwabcinmu, aka zaro ni da ƙaya har a kunne. Baba yana zaune ƙofar gida yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Bai ɗago ba. Amma bayan kwana kaɗan abokina ya zo mini da kwanduna biyu sabbi, saƙar kaba, an yi musu maɗauri daidai faɗin bayan babur. Ya ce baba ya ce a ba yaron nan, ko dokinsa zai iya kai kifi birni kafin rana ta yi zafi. Ban san lokacin da ya auna bayan babur ɗin ba.

Nan abin ya fara. Kafin wannan lokaci duk kifin da aka kama a unguwarmu banda ake yi, fatake su zo su saya yadda suka ga dama. Ni kuwa da an yi asuba, masunta sun fito da kamun farko, sai in shimfiɗa ɗanyar ciyawa a kwanduna, in jera tarwaɗa da karfasa, in yayyafa ruwa, in kama hanya. Kafin hantsi ina Maraɗi, wani kifin ma yana motsi. Kukun anasaru na jirana, ma'aikatan biro, wato ofis, na aiko matansu, masu tuwon sayarwa na rububi. In dawo in ba kowane masunci nasa. Gidaje da yawa sun sa sabon tufafi a sallar shekarar nan. In mace ta kasa haihuwa ko maciji ya sari wani, ni ake bugo wa ƙofa in kai shi likita.

Kaina kuwa ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Na sayi wani tabarau mai roba da tsohuwar rigar soja mai nauyi, ina sa ta ko a tsakiyar bazara, gumi na zuba ina cewa iskar hanya ce ke da sanyi. Ina goge babur sau biyu a yini, in wanke shi a bakin tabki, in kwantar da shi a ɗakina ni in kwana a bakin ƙofa. Na san muryarsa kamar ta mutum. In buji, wato fulogi, ya yi datti tun daga tashin farko nake ji.

A cikin shekarun nan abokina ya bar sana'ar su, ya zama yaron wani attajiri a Ɗan Issa mai cinikin gyaɗa da atamfa tsakanin nan da ƙetaren iyaka. Yakan zo gida duk ranar kasuwa. Ni na koya masa tuƙi da hannuna, a fagen da ke bayan gari, ina gudu a gefensa ina riƙe da sirdi. Sau biyu ya zo mini da saƙon maigidansa, wai yana son babur ɗin don ya riƙa jin farashin Maraɗi kafin kowa, in faɗi abin da nake so. Na ce ya gaya masa ko da raƙumansa duka ba zan sayar ba. Muka yi dariya, ya ce shi ma haka ya gaya masa.

Sai aka yi wata shekara kifi ya yi ƙaranci. Haka tabki yake, wata shekara ya ba ka, wata ya hana ka, kowane ɗan masunta ya san wannan. Amma in ciki ya ɗauki zafi, baki ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Na ji wata tsohuwa ta ce warin mai ne ya kori kifi. Na yi dariya na wuce.

Wata ranar kasuwa da la'asar abokina ya ja ni gindin wata tsamiya, fuskarsa ba walwala. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya yi magana. Ya ce dattawan masunta sun yi zama, musulminsu da annansu masu yi wa ruwa yanka, duk bakinsu ya zo ɗaya cewa ƙarar babur da man da nake wankewa a bakin tabki ne suka ɓata wa masu ruwa rai. Ya ce sun kira baba sun tsare shi a gaban jama'a, har wani ya ce masa ya haifi ɗan da zai kashe unguwa da yunwa.

Na ce to in daina wanke shi a can, in riƙa kashe shi tun daga bakin gari in turo shi.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Abin ya wuce nan. Jiya tsoho ya kira ni, wallahi hawaye na gani a idonsa. Ya ce in gaya wa yaron nan, in yana son albarkata ya rabu da abin nan. Ya ce kuma kada ka tada maganar da kowa, kunyar da ya sha ta isa."

Ban yi barcin kirki ba kwana da kwanaki. Ina duban baba daga nesa, ina ganin ya rame, ya yi shiru. Ashe rashin kifi ne ke damunsa kamar kowa, amma ni duk abin da na gani sai in ce ga shaida. In dattijo ya amsa gaisuwata a gajarce, in ce ga shi nan. Tsakanina da mahaifina taku kaɗan ne, yana zaune ƙofar gida kullum. Ban iya zuwa na durƙusa na tambaye shi ba. Ba a yi, kuma an ce kada in tada maganar.

Na kai babur Ɗan Issa da kaina. Na cika masa isansi, wato man fetur, na goge shi, na bi hanya a hankali kamar mai rakiyar gawa. Attajirin ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura, ya biya ni ba tare da ja-in-ja ba, kuma ba zan ce ya cuce ni a kuɗi ba. Na tsaya ina yi wa yaransa bayani: a duba baƙin mai kowace safiya, kada a bar shi a rana, kada a tsallaka gulbi da shi in ruwa ya kai gwiwa. Ba wanda ke saurarena. Na dawo gida a ƙasa, tabarau a aljihu.

Washegari na ƙulle kuɗin a ƙyalle na ba ƙanwata ta kai wa baba. Kafin azahar ta dawo mini da su, ƙullin ko kwance shi ba a yi ba. Ta ce ya ce a mayar wa mai su. Na ce a raina har kuɗin ma ƙyamarsu yake. Daga ranar kuma ya daina zama ƙofar gida da safe. In na shigo ya juya baya. Na ɗauka sauran fushi ne, zai huce.

Ba a yi wata ba na ga abokina ya shigo gari a kan babur ɗina, da sabuwar hula. Ya ce maigida ya rasa wanda ya iya tuƙi sai shi, ya zai yi. Har ya ce ai gara a hannunsa da hannun bare. Na yarda. Har ƙara masa bayani na yi kan yadda ake ɗaure sarƙa.

Shekarar da ta biyo ruwa ya yi yawa, gero ya ruɓe a gona, aka shiga yunwa. Kifi ya dawo tabki, amma ba mai kai shi birni ɗanye, aka koma banda, fatake suka koma sayen wulaƙanci. Kuɗin babur a hatsi suka ƙare. Mutane na tafiya ƙetaren iyaka a ƙasa suna ɗauko garin rogo a ka, ni ma ina cikinsu, ina tafe ina tuna cewa da a yini ɗaya zan yi sawu biyu in ciyar da gida uku. Wata maƙwabciyarmu ta rasu a kan jaki a hanyar likita. Mijinta dubana kawai ya yi a wurin jana'iza. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, dattawan nan da aka ce sun tsine wa babur, su ne ke tare ni suna cewa, "Yaro, ka yi mana asara." Na ɗauka munafunci ne irin na mutane, sai in sunkuyar da kai in wuce.

Cikin wannan hali baba ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, tari ya kama shi. Kowace safiya nakan durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa daga waje in yi gaisuwa, ƙanwata ta amsa a madadinsa. Wata rana da hantsi, mata sun tafi ɗiban ruwa, gida ba kowa, na yi gaisuwa zan tashi sai na ji muryarsa daga bayan asabari.

"Kai. Dakata."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya yi magana da ni kai tsaye ba. Na koma na durƙusa.

Ya ce, "Ni tafiya zan yi, kunya ba ta da sauran amfani. Abu ɗaya nake so in sani. Warin kifin nan da ka ce ya ishe ka, ba shi ya raine ka ba?"

Na ce, "Baba, wa ya ce na faɗi haka?"

Ya ce abokina ne. Ya ce ya zo ya same shi ya gaya masa wai na gaji da zama ɗan masunta, 'yan matan Maraɗi na toshe hanci in na wuce, zan sayar da babur in yi jari in koma birni in huta da ƙarni. Ya ce shi ya sa bai taɓa kuɗin ba.

Na gaya masa abin da aka gaya mini, da zaman dattawa, da hawaye, da maganar albarka. Can ya ce ba a taɓa yin wani zama ba, ba wanda ya taɓa tsare shi.

"Ni da nake zama ƙofar gida ina sauraro," in ji shi. "Tun kana bayan gari nake jin ka. In na ji ƙarar babur sai in ce wa innarka ta ɗora ruwa, dokin yaron nan ya dawo lafiya."

Ban san yadda na tashi daga wurin ba. Ko ruwa ban sha ba na kama hanyar Ɗan Issa. A raina na ƙudurta ko bauta zan yi wa attajirin nan shekara goma sai na dawo da babur ɗin, baba ya sake jin ƙararsa ko sau ɗaya.

A bayan gidan attajirin na same shi, kusa da turken jakai. Ba tayoyi, an cire su an sa wa amalanke. An yanka tankin gida biyu ana ba kaji ruwa a ciki. Jar fatar sirdin rana ta cinye ta, ta tsattsage. Wani mai gadi ya ce mini tun watannin baya ne, an yi ta gudu da shi ba mai a inji har ya ƙone a hanyar Gabi, aka ɗauko shi a kan raƙumi. Na sa hannu na taɓa injin, ya daskare kamar dutse.

Abokina na zaune a shagon atamfa, an ba shi riƙon shago. Da ya ga fuskata ya san na sani. Bai musa ba. Ya ce maigidansa ya matsa masa, ya ce in bai kawo babur ba ya nemi wani aiki, shi kuma yana da iyali. Sannan ya ce, yana gyara ninkin atamfa bai ko dube ni ba, "Kuma ai an biya ka. Ƙarfe ne fa. Don ƙarfe za ka ɓata zumuncin shekaru?"

Na tsaya ina kallon hannunsa. Akwai almakashi a kan teburi, na gan shi, shi ma ya ga na gan shi. Allah ya tsare, na juya na fita.

Da na dawo na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, ya lalace." Sai ya ce in shigo daga ciki, rana na dukana. Makonni kaɗan muka samu. Ina yi masa fifita, yana ba ni labarin tabki, da na ubansa, da yadda ya auna bayan babur da tafin hannu ina masallaci. Ashe mutum ne mai ban dariya. Ashe ya san duk faɗuwar da na yi a hanya, yana kwaikwayon yadda nake tafiya da rigar soja. Ina dariya ina jin zuciyata na ƙuna, don na gane irin mutumin da na zauna gida ɗaya da shi shekara da shekaru ina karɓar maganarsa daga bakin wani. Kafin sabon gero ya nuna ya rasu.

Daga baya na yi tuƙin kamiyo, na yi rufin asiri, har na sayi babura biyu a rayuwata, sababbi fil. Ko ɗaya ban taɓa kwantarwa a ɗaki ba. Mutane sukan ce ai komai ya wuce, kuma gaskiya ne, ya wuce. Amma ni ba zan yi muku ƙaryar cewa na huce ba. Abin da na iya yi kawai, da aka haifa mini ɗan fari na kira sunansa da bakina ranar suna, a gaban kowa. Tsofaffi suka ce birni ya ɓata ni. Na bar su suka faɗa.

Shi kuwa abokina ya yi arziki, ya je Makka, ya dawo Madarumfa ya gina gidan siminti. Shekaru muna haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a, mu yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya aiko ɗansa ya kira ni. Na tarar da ɗaki cike, 'ya'ya da jikoki da liman. Ya kama hannuna, nasa ya zama ƙashi, ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi mini, wanda ya sani da wanda bai sani ba.

Na sunkuya kusa da kunnensa, yadda ba mai ji sai shi, na ce, "Wanne daga ciki?"

Na jira. Kalma ɗaya nake so, ya ce babur, ko ya ce tsoho. Ya dube ni, na ga ya gane sarai. Sai ya lumshe ido ya juyar da kai wajen bango.

Jama'a na kallona, liman na kallona. Na ce na yafe, kowa ya ce alhamdulillahi. Har yau in na yi salla nakan roƙi Allah ya sa abin da bakina ya faɗa ranar nan ya zama gaskiya kafin a zo ɗaukata.